Samurai a Anime: Abin da Turawa Ke Gani da Abin da Asiya Ke Tunawa

Masu kallo da yawa a Amurka da Turai, idan suka ga samurai (mayaƙin Japan na dā) a fim ɗin anime (zane mai motsi na Japan) na tarihi, sukan ɗauke shi jarumin da bai san komai ba sai takobi, mai bin wata tsohuwar ƙa'ida guda da ake kira bushido. Tarihi bai goyi bayan wannan fahimta ba. Hoton bushido da ya yaɗu a ƙasashen Yamma ya fito ne galibi daga littafin da wani ɗan Japan, Nitobe Inazo, ya rubuta da Turanci wajen shekarar 1900, domin Turawa, bayan gwamnatin Sarki Meiji na Japan ta riga ta hana samurai rataya takobi tun 1876.

Ɗan Japan da ya yi karatun tarihi ya san cewa a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, yawancin samurai ma'aikatan mulki ne da ake lissafa albashinsu da shinkafa, kuma da dama sun nutse cikin bashin 'yan kasuwa. Ko a lokacin yaƙe-yaƙe ma, bindigogi sun taka muhimmiyar rawa a yaƙin Nagashino na 1575.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mantawa da Koriya. Ga ɗan Koriya, sulken samurai mai ƙyalli yana iya tuna masa mamayar Koriya da Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin Japan a lokacin, ya fara a 1592, kuma har yau akwai tudu a Kyoto, Mimizuka, inda aka binne hancinan dubban 'yan Koriya da 'yan Sin da sojojinsa suka yanke.