Ƙa'idojin tsara fuskar manhajar waya: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Salamu alaikum ƙannena masu koyon haɗa manhaja a nan Katsina. Tambayoyin nan dai su ne kullum, a guruf, a waya, har a hanya in mun haɗu. Na tara su wuri guda, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Yaya, wai mi ake nufi da ƙa'idojin nan?

Takarda ce da za ku rubuta yadda komai zai kasance a manhajarku, kala, girman rubutu, inda kowane maɓalli zai zauna, da abin da zai fito in an samu matsala. Shafi biyu ya isa da farko.

Dole sai na ƙirƙiro nawa daga tushe?

A'a. Google na da Material Design tun 2014, Apple na da Human Interface Guidelines, duk kyauta a intanet. Wayoyin mutanenmu Tecno ne da Infinix da itel, Android ke nan, to fara da na Google, naka ɗorawa kawai za ka yi.

Ya girman maɓalli zai kasance?

48dp tsawo da faɗi a Android, 44pt a iPhone (dp da pt ma'aunin girman abu ne a fuskar waya), kar ya gaza haka, kuma a bar tazarar 8dp tsakaninsu. Na faɗa na ƙara faɗa amma kullum sai an turo min zane da wani ɗan mitsitsin maɓalli a lungu. Kai kana dannawa da linzamin kwamfuta kana zaune a inuwa, shi kuma mai Napep da babban yatsa ɗaya zai danna, ɗayan hannun na riƙe da canji. Kuma don Allah ku daina ajiye "Goge" jikin "Aika".

Rubutu toka-toka kan fari ai ya fi kyau ko?

Ba ya karantuwa. Ma'aunin WCAG, wato ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa wa kowa amfani da intanet, ya ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, in rubutun manya ne 3 bisa 1. Ɗauki wayar ka fita Ƙofar Ƙaura da azahar a watan Afrilu ka duba da kanka. Kar kuma ka dogara da ja da kore kaɗai, akwai waɗanda idonsu bai bambance su, haɗa da kalma.

Mutum ya danna "Aika kuɗi" sai sabis ya ɗauke, mi zan nuna mashi?

Yauwa, wagga ita ce tambaya, kuma amsarta ba guda ɗaya ba ce, ya danganta da abin da ake aikawa. Abin da bai canzawa shi ne da zarar ya danna maɓallin ya nuna alamar an taɓa shi nan take, sannan ya kulle kanshi, don in Hajiya ta danna ta ga shiru za ta ƙara dannawa ta ƙara, kuma ba laifinta ba ne. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya daɗe da kawo iyakoki uku na lokacin jira: kashi ɗaya cikin goma na sakan mutum zai ji kamar nan take ne, sakan 1 tunaninshi bai katse ba, in ya wuce sakan 10 hankalinshi ya bar wurin. To tun kafin goman nan ka yi mashi magana da kalmomi, ɗan da'irar nan mai juyawa ba ta isa ba.

Inda kuke faɗawa rami shi ne kuna tsara hali biyu kacal, "ya tafi" da "bai tafi ba". Akwai na uku, wato ba mu sani ba tukuna. Mai yiwuwa saƙon ya isa sabar, wato kwamfutar da ke karɓar saƙon manhajar can nesa, amsar ce ta maƙale a hanya. In ka rubuta "bai tafi ba" alhali an cire kuɗin, mutumin zai sake turawa, gobe yana tsaye gaban mai shago ana nuna wa juna waya ana rantse-rantse. Rubuta mashi gaskiya: "Muna jiran tabbaci, kar ka sake turawa, duba tarihin ciniki." Kuma lallai cinikin ya bayyana a tarihin da alamar jira.

To manhajar ta sake turawa da kanta in sabis ya dawo? In saƙo ne ko hoto, e, haka WhatsApp ke yi, alamar agogo sannan maki ɗaya sannan biyu, kowa ya gane. In kuɗi ne ni dai ban so, sai dai in kun ba kowane ciniki lambarshi ta daban tun daga wayar, yadda sabar za ta gane maimaici ta ƙi cirewa sau biyu, kuma wanga ba aikin mai zane kaɗai ba ne, sai ka zauna da mai rubuta sabar kun daidaita. Ko an yi hakan ma na fi son a tambayi mai kuɗin kafin a sake, don ƙila ya riga ya biya da hannu ya wuce. Sakan nawa za a jira kafin a nuna halin na uku? Wanda ke cikin gari da wanda ke ƙauye can wajen Jibiya ko Mai'aduwa ba sabis ɗaya suke samu ba, sai kun gwada. Abin da ba zan yafe ba shi ne a share abin da mutum ya cike, lambar asusu mai lambobi 10 da ya sha wahalar kwafowa daga takarda ta ɓace don kawai sabis ya gifta. Gwajin ba wuya, danna "Aika" ka kunna yanayin jirgin sama nan take ka ga mi zai fito.

Haruffan ɓ, ɗ, ƙ, ƴ suna fitowa kamar akwati.

Salon rubutun da ka zaɓa ba shi da su. Canza, Noto Sans na da su, ka duba ₦ ma. A wurin bincike kuma wanda ya rubuta Kankara ba lanƙwasa ya samu Ƙanƙara, don yawancin mutane haka suke rubutu a waya.

Alama kaɗai ta isa ba sai da rubutu ba?

Sa rubutu ƙarƙashinta. Layin maɓallan da ke ƙasan fuskar manhaja abu 3 zuwa 5, kar ka wuce. In wurin lambar waya ne madannin lambobi ya fito, guda 11 ce, kar ka sa mutum neman su cikin haruffa.

Ban iya zane ba, kwamfutata kuma tsohuwa ce.

Kwantar da hankalinka ƙanena, takarda da biro sun isa farawa, Figma kuma, manhajar zana fuskokin manhaja, na da tsarin kyauta a burauza. Zana fuskokin, ka ba mutum biyar waɗanda ba 'yan kwamfuta ba, Baba, ƙanwarka, mai shagon unguwarku, ka ce su yi abu guda, kai kuma ka yi shiru, kar ka nuna masu komai. Nielsen ya rubuta tun 2000 cewa mutum biyar kan bankaɗo mafi yawan matsalolin. Duk inda yatsansu ya tsaya yana laluben hanya rubuta shi, nan za ka gyara.

In sa hoto mai motsi in an buɗe manhajar?

A'a. Data yake ci, yana nauyaya ƙaramar waya. Je ka gyara maɓallanka tukuna.