Sayen Tufafin Yayi a Rufaffun Lunguna da Manyan Rukunan Shaguna

Rufaffen lungu hanyar ƙafa ce da ke ratsa tsakanin gine-gine, ta haɗa titi da titi, da shaguna jere dama da hagu, sama kuma an rufe da gilashi. Faransawa na ce masa "passage", Italiyawa "galleria". Babban rukunin shaguna na zamani, wanda aka fi sani da mol, katafaren gini ne guda mai shaguna da dama, wani lokacin ɗaruruwa, a hannun mai gida ɗaya, galibi da filin ajiye motoci da na'urar daidaita zafi da sanyi. Tsakanin haihuwar na farko da ta na biyu akwai shekara kusan 170, amma tufafi da takalma da kayan ado ne suka fi cika su duka biyun. Bambancinsu na asali shi ne, lungu hanya ce da mutum zai iya bi ya wuce ko bai yi niyyar sayen komai ba, mol kuwa takanas ake tasowa a je shi. Irin kayan da ake sayarwa a kowanne, da yadda ake saye, sun bi wannan bambanci.

Asali a Paris

A ƙarshen ƙarni na 18 yawancin titunan Paris ba su da gefen masu tafiya a ƙafa. Kwata na bi ta tsakiyar titi, kekunan doki na watsa taɓo, kuma mace mai doguwar riga ba ta da halin tsayawa ta ƙare wa kaya kallo. A 1786 aka kafa rumfunan katako a harabar fadar Palais-Royal, aka ba masu ɗinkin huluna da masu littattafai haya. Daga nan masu filaye suka gane cewa tsakiyar unguwa, inda ba ta fuskantar titi kuma ba ta da daraja, za ta iya zama kuɗi idan aka huda ta aka jera shaguna. Passage des Panoramas ya buɗe wajajen 1800, Galerie Vivienne a 1823. Abubuwa uku ne suka sa hakan ya yiwu: ƙarfen zubi da zai ɗauki rufi ba tare da manyan ginshiƙai ba, gilashi mai faɗi, da fitilar gas wadda ta ba shaguna damar kaiwa dare.

Wannan gilashin ya sauya ciniki kansa. A da sai ka shiga shago ka faɗi abin da kake so, mai shago ya ciro daga akwati, shigarka kuma kusan alkawarin saye ce. Da taga ta zama wurin baje koli, sai kallo ya zama kyauta, mutane suka fara fita yawon ganin abin da ake yayi ba tare da ko sisi a aljihu ba.

Lungunan Paris sun taɓa haura ɗari. Biyu ne suka karya su: faffaɗan tituna da Baron Haussmann ya yanka daga 1853, da manyan kantuna irin Le Bon Marché, inda Aristide Boucicaut ya yi suna da rubuta farashi a jikin kaya, ba tayi ba ragi, kuma wanda bai gamsu ba ya dawo da abin da ya saya. Yau ashirin da 'yan kai ne suka rage. Galerie Vivienne na da shagunan tsada, Passage du Caire kuwa, a unguwar Sentier, ya daɗe a hannun 'yan sarin ɗinkakkun kaya da masu sayar da mutum-mutumin da ake sa wa riga a taga.

Landan da Milan

Burlington Arcade ta Landan ta buɗe a 1819, Lord George Cavendish ne ya sa Samuel Ware ya zana ta a gefen gidansa da ke titin Piccadilly. An ce ya gaji ne da masu wucewa suna jefo masa shara ta kan katanga, sai ya toshe wurin da shaguna. Tsawonta bai kai mita 200 ba, shagunan kuma ƙanana ne ƙwarai, da ɗaki a sama inda 'yan kasuwar farko ke kwana ko ɗinki. Har yanzu tana da dogarawanta masu dogayen kwat da dogayen huluna, waɗanda tun farko daga tsofaffin sojojin doki aka ɗebo su, kuma har yanzu dokokin da suke tsarewa na nan: ba gudu, ba fito, ba waƙa, ba buɗe laima. Dalilin hana fito, kamar yadda ake faɗa, shi ne da shi 'yan sane ke sanar da juna cewa ga dogari nan tafe. Abin da ake samu a nan ƙananan kaya ne masu nauyin kuɗi: rigunan ulu masu laushi, takalman da aka ɗinka da hannu, safar hannu, turare, tsofaffin agogo da gwala-gwalai. Ƙanƙantar shagon ce ta zaɓi hajar. Wanda ɗakinsa bai fi taku huɗu ba, kuma hayarsa ta kai ta tsakiyar Landan, ba zai rayu da sayar da singileti ba.

Brussels ta buɗe Galeries Royales Saint-Hubert a 1847, mai tsawon fiye da mita 200, amma wadda ta zama abin kwatance ita ce Galleria Vittorio Emanuele II ta Milan. An aza harsashinta a 1865, aka yi ta aiki har 1877, kuma a ƙarshen wannan shekarar mai zanenta, Giuseppe Mengoni, ya faɗo daga saman babbar ƙofar ya mutu, ana gab da bikin kammalawa. Lunguna biyu ne suka gitta juna, suka haɗu a ƙarƙashin ƙubbar gilashi, hannu ɗaya na kaiwa dandalin babbar majami'ar birnin, ɗaya na kaiwa gidan wasan La Scala. Mutanen garin na kiranta falon Milan. A nan Mario Prada ya buɗe shagon jakunkuna da akwatunan fata a 1913, shagon kuma na nan inda yake. Ginin mallakar hukumar birnin ne, ita ke ba da haya, ita kuma ta wajabta cewa kowane shago, komai girman sunansa, da ruwan zinariya a kan baƙi zai rubuta allonsa. A 2012 McDonald's ya bar wurin bayan hayarsa ta ƙare, Prada ta karɓi gurbin. A daɓen tsakiya akwai hoton bijimi da aka yi da ƙananan duwatsu, baƙi na dora diddige a kansa su juya sau uku don neman sa'a, har wurin ya zama rami, ana cikewa yana sake lotsawa.

Sauran wurare

Salon ya bazu har inda Turawa suka kai. A Mosko, ginin da yanzu ake kira GUM ya buɗe a 1893 a bakin Jan Dandali, layi uku hawa uku, da rufin gilashi na injiniya Vladimir Shukhov. A zamanin Stalin an mai da shi ofisoshi, aka sake buɗe shi kanti a 1953, ya yi suna da dogayen layukan masu jiran kaya. Melbourne na da Royal Arcade ta 1870 da Block Arcade ta farkon shekarun 1890, wadda ta samo sunanta daga al'adar masu hali ta caɓa ado su yi ta zagaya wani yanki na titin Collins don a gan su. Strand Arcade ta Sydney ta tsira daga gobarar 1976, benayenta na sama kuma sun zama matattarar masu zanen tufafi 'yan ƙasar. Rufaffiyar kasuwa dai ba Turai ce ta ƙago ta ba, babbar kasuwar Istanbul ta girmi duk waɗannan da fiye da shekara 300. Abin da Turai ta ƙara shi ne gilashi, da taga, da mai gida ɗaya.

Zuwan mol

Victor Gruen, mai zanen gine-gine ɗan Vienna wanda ya gudu Amurka a 1938, shi ake dangantawa da mol na zamani. Southdale Center da ya zana a Edina, jihar Minnesota, ya buɗe a 1956: hawa biyu, rufe ruf, iska ɗaya rani da hunturu, da lambu a tsakiya, da manyan kantuna biyu masu gogayya da juna a cikin gini guda. Burinsa shi ne ya sama wa unguwannin bayan gari dandali irin na biranen Turai, da gidaje da makarantu da asibiti kewaye. Masu zuba jari suka ɗauki shagunan da filin motoci suka bar sauran. Kafin mutuwarsa a 1980 ya fito fili ya barranta da abin da tunaninsa ya haifa.

Tsarin da ya bari ne ake bi har yau, kuma mai saye yana tafiya a cikinsa ko bai lura ba. Manyan kantuna ake sawa a ƙarshen kowane hannu, a kan haya mai sauƙi, domin su ne ke jawo jama'a. Ƙananan shagunan da ke tsakani su ke biyan haya mai tsada, sau da yawa har da wani kaso na cinikinsu, saboda dole a wuce ta gabansu. Matakalar lantarki ta hawa da ta sauka akan raba su nesa da juna don a zagaya. Tagar da ke kallon waje ba ta da yawa, agogon bango ma haka. Wanda ya shigo sayen safa ya fita da jaka uku bai yi abin mamaki ba, aikin ginin ke nan.

Daga baya girma ya zama abin gasa. West Edmonton Mall a Kanada ya buɗe a 1981, Mall of America a 1992, a jihar da ba ta karɓar harajin saye a kan tufafi, abin da ke jawo masu saye daga nesa. Dubai Mall, wanda ya buɗe a 2008, na da shaguna sama da 1,200 da sashe guda na manyan gidajen ɗinki kaɗai. Wasu kuma sun waiwayi asali: Galleria ta Houston ta 1970 da Eaton Centre ta Toronto ta 1977 duk rufin Milan suka kwaikwaya.

Kaya da yadda ake saye

Mol gidan kamfanoni masu rassa ne. H&M ta faro a Suwidin a 1947, Zara a A Coruña ta Sifen a 1975, Uniqlo a Hiroshima a 1984, kuma su ne ke iya cika shago mai faɗi da kowace lamba da kowane launi. Zara ta yi fice da kai sabon kaya rassanta sau biyu a mako, kaɗan-kaɗan, don wanda ya ga riga yau ya san in ya yi jinkiri ba zai same ta ba. Illar wannan ga matafiyi ita ce mol ɗin wannan birni da na wancan kusan abu ɗaya suke sayarwa. Wanda ke neman abin da garin kansa ke ɗinkawa ya fi samunsa a lungu, musamman a benen sama inda haya ke da dama-dama, can ne ake tarar da tela, da mai gyaran takalmi, da mai tsofaffin tufafi na zamanin da. Arahar kayan mol kuma tana da inda aka biya ta. Rushewar ginin Rana Plaza a Bangladesh ranar 24 ga Afrilun 2013, inda ma'aikatan ɗinki sama da 1,100 suka mutu, ta sa masu saye da yawa suka fara juya wuyan riga su karanta inda aka ɗinka ta.

Lambar kaya na rikita baƙo, don kowace ƙasa da ma'auninta. Rigar mata mai lamba 38 a Faransa ita ce kusan 42 a Italiya, 10 a Birtaniya, 6 a Amurka, kuma ko a ƙasa ɗaya kamfani da kamfani na saɓawa. Shi ya sa ɗakin gwaji ya fi lambar amfani, kodayake shi ma ba a rasa dabara a cikinsa, ta fitila mai laushi da madubin da ke yi wa jiki kara. A lungu da mol duka farashi a rubuce yake, ba a tayawa. Sauƙi na zuwa ne lokacin rangwame. A Faransa doka ce ke tsaida ranakun, sau biyu a shekara, a Janairu da kuma ƙarshen Yuni, mako huɗu kowanne. A Birtaniya ana jiran 26 ga Disamba, a Amurka Juma'ar da ke bin bikin godiya na Nuwamba, Dubai kuma na da bikin sayayyarta tun 1996. Baƙon da ba mazaunin Tarayyar Turai ba yana iya karɓar harajin kayan da ya saya a can idan ya cika takarda a shago, kwastan suka tabbatar masa da ita a wurin fita, ya kuma fitar da kayan cikin wata uku. Ingila da Scotland da Wales sun soke irin wannan tsari daga farkon 2021, masu shagunan tsada na Landan kuma ba su daina kuka da hakan ba.

Halin da ake ciki

Saye ta intanet ya fi taɓa matsakaitan mol, musamman a Amurka, inda rufewar babban kanti ɗaya kan ja ƙananan shaguna su bi bayansa har gini ya zama kango. Manya-manyan sun koma dogaro da gidajen abinci da sinima da wuraren wasan yara don riƙe mutane. A kudu maso gabashin Asiya da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, inda zafi ke korar mutane daga titi, mol na nan da ƙarfinsa. Tsofaffin lunguna kuwa mafi yawansu dokar adana kayan tarihi ta kare su daga rusau, sai dai haya ta raba su gida biyu, wasu sun koma hannun manyan kamfanonin kayan alatu, wasu na fama da shagunan da ba kowa. Westminster Arcade ta birnin Providence, wadda aka gina a 1828 kuma take cikin mafi tsufa a Amurka, ta rufe a 2008. Da aka sake buɗe ta a 2013, shaguna sun tsaya a ƙasa, benaye biyu na sama kuma an yanka su ƙananan ɗakunan kwana 48.