Sin ba ta hana fitar da garin itiriyam ba, lasisi ta ce a nema

Tun da Ma'aikatar Kasuwanci ta ƙasar Sin ta fitar da Sanarwa ta 18 ranar 4 ga Afrilu, 2025, ake ta yaɗa cewa wai ta rufe ƙofa, ta daina sayar wa duniya wasu ma'adinai masu wuyar tacewa da ake kira "rare earths" a Turance. Sanarwar ba ta ce haka ba. Ma'adinai 7 ta lissafa, ciki har da itiriyam da tarbiyam da samariyam, tare da garinsu, wato oksid, da wasu maganaɗisun da ake yi da su. Duk mai son fitar da su sai ya nemi lasisi, ya faɗi wanda zai karɓa da abin da za a yi da kayan. Ɗan kasuwar da ke saro waya ko lasifika a Guangzhou bai shiga ciki ba.

Oksid na itiriyam farin gari ne da ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400. Da shi ake ƙarfafa zirkoniya, wani irin tangaran mai ƙarfi, wadda likitoci ke yin haƙorin dashe da ita, ake kuma shafa ta a cikin injin jirgin sama don kada wuta ta cinye ƙarfen. Injin jirgin yaƙi ma yana buƙatarta, kuma nan ne hujjar Sin: kaya ne masu fuska biyu, na farar hula da na soja.

Hukuncin fitarwa ba lasisi ya fi tsorata mutane, alhali ba sabo ba ne, yana cikin dokar kula da fitar da kaya ta 2020. Wanda ya fitar ba lasisi za a ƙwace ribarsa. Idan cinikin ya kai yuwan 500,000, kuɗin Sin ke nan, tararsa ninki 5 zuwa 10 ce ta kuɗin cinikin gaba ɗaya, ba ta riba kaɗai ba. Idan bai kai ba, tarar tana tsakanin yuwan 500,000 da miliyan 5, ko da kayan 'yan kilo ne.

Abin da ke damuna shi ne jira. Duba takardun lasisi yana iya cin kwanakin aiki 45, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na tace waɗannan ma'adinai a Sin ake yi, don haka mai jira ba shi da wata kasuwar. A watan Mayun 2025 kamfanin Suzuki ya dakatar da ƙera motar Swift a Japan saboda ƙarancin kayan da ake yi da waɗannan ma'adinai, bai kuwa da hannu a rigimar harajin Sin da Amurka.