Me ake nufi da "zamanin sitiroyid" a wasan besbol?

Duk watan Janairu, idan za a bayyana waɗanda suka samu shiga zauren gwarazan besbol da ke garin Cooperstown a jihar New York, sai wannan kalma ta sake tasowa a Amurka. Ana nufin lokacin da ya faro daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar shekarun 2000, sa'ad da 'yan wasa da dama suka riƙa haɗiyar ƙwayoyi da yin allurai masu gina tsoka. Sitiroyid magani ne da ke kwaikwayon sinadarin namiji a jiki. Yana ƙara ƙarfi, yana kuma sa gajiya ta saki mutum da wuri, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai buga wasa 162 a kaka ɗaya.

Babbar bajinta a besbol ita ce mutum ya maka wa ƙwallo sanda ta tsallake katangar fili. Tun da Roger Maris ya yi irin wannan bugu sau 61 a 1961, babu wanda ya kamo shi. Kwatsam a 1998 Mark McGwire ya yi 70, Sammy Sosa ya yi 66, a 2001 kuma Barry Bonds ya yi 73. A lokacin, wasan bai daɗe da fita daga yajin aikin 1994 ba, wanda ya sa aka soke gasar ƙarshe, 'yan kallo suka yi fushi. Wannan tsere ne ya taimaka wajen dawo da su. Masu kulob suna ƙirga kuɗi, babu mai son tambayar yadda damatsan mutane suka kumbura haka. An rubuta haramcin a takarda tun 1991, amma ba a fara gwajin fitsari ba sai 2003. Daga baya rahoton tsohon sanata George Mitchell na Disamba 2007 ya ambaci sunayen 'yan wasa fiye da 80.

Rigimar ta fi zafi ne a ƙofar zauren. Marubuta labarin besbol ne ke zaɓe, kuma sai mutum ya samu kashi 75 cikin ɗari. Ƙa'idar zaɓen ta ce a duba bajinta, a kuma duba gaskiya da halin mutum. Wannan sharaɗi na hali ya daɗe yana barci, sai da aka zo kan 'yan wannan zamani aka tashe shi. Bonds, mai irin wancan bugu 762 a tsawon rayuwarsa ta wasa, adadin da babu wanda ya kai a tarihi, ya shekara goma a takardar zaɓe, ya ƙare da kashi 66 a 2022. Roger Clemens, wanda ya ci kyautar gwanin masu jefa ƙwallo sau bakwai, ya tsaya a kusan kashi 65, duk da cewa kotu ta wanke shi a 2012 daga zargin yi wa majalisar dokokin Amurka ƙarya kan amfani da maganin.

Masu hana su suna da hujja. Akwai 'yan wasan da suka ƙi taɓa maganin, suka rasa gurbi da albashi saboda abokan hamayyarsu sun taɓa. Su wa zai biya su? Ban ga yadda za a raina wannan magana ba.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bud Selig, wanda ya shugabanci wasan a mafi yawan waɗannan shekaru, an shigar da shi zauren a 2017. David Ortiz ya shiga tun a shekararsa ta farko a takardar zaɓe, a 2022, shekarar da aka rufe wa Bonds ƙofa, alhali an taɓa ruwaito sunansa cikin waɗanda gwajin 2003 ya nuna. Ya musanta, kuma shugaban wasan na yanzu ya ce akwai shakka a wancan gwaji. To, amma Ortiz mutum ne mai fara'a, Bonds kuwa sananne ne wajen ɗaure wa 'yan jarida fuska, kuma su ne masu ƙuri'a.

A ganina ba daidai ba ne a zuba kowa a kwando ɗaya. Wanda aka kama bayan an kafa gwaji da hukunci, kamar Alex Rodriguez da aka dakatar kakar 2014 baki ɗaya, ya san abin da ya taka. Bonds kuwa ya riga ya ci kyautar gwarzon shekara sau uku tun kafin shekarun da ake zarginsa a kansu. Bayan marubuta sun gama da shi, maganarsa ta koma hannun wani kwamiti na mutum 16, inda ake buƙatar ƙuri'a 12. A zaman Disamba 2022, shi da Clemens ko huɗu-huɗu ba su samu ba.