Ƙarambau ba daga fata yake farawa ba

Da yawa muna ɗaukar ƙarambau ciwon fata ne, sai ƙuraje sun feso ake raba yaro da 'yan uwansa. To, a lokacin an riga an makara.

Ƙwayar cutar, varicella-zoster, 'yar dangin ƙwayoyin cutar da ake kira herpes ce, kuma galibi ta numfashi take shiga. Tana sauka a tsokokin nan na gefen maƙogwaro, inda fararen ƙwayoyin jini masu suna T suke gadi. Abin tsoron shi ne masu gadin take kamawa. Sai ta shige cikinsu, su kuwa aikinsu zagaya jiki, su ɗauke ta ta hanyar jini har fata. Daga kamuwa zuwa fitowar ƙuraje akan ɗauki kwana 10 zuwa 21, kuma yaro yakan fara yaɗa ta kwana 1 zuwa 2 kafin a ga ƙurji ko ɗaya. Ruwan ƙurajen ma yana yaɗawa.

Warkewa ba ta fitar da ita. Takan laɓe a tushen jijiyoyi kusa da laka, bayan shekaru, in garkuwar jiki ta yi rauni, ta dawo da ƙuraje masu raɗaɗi a ɓari guda na jiki.