Ƙwayoyin nano na ƙarfe a gwajin sinadarai da haske

Ƙwayoyin nano ƙananan ɓarɓashi ne da girmansu ke tsakanin nanomita 1 zuwa 100, kuma nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Na ƙarfe da ake gwaji da su an fi yin su da zinariya ko azurfa. Ana haɗa su da rini mai ƙyalli, wato sinadarin da ke shan haske ya fitar da wani launi daban, don a gano guba kamar zaiba da dalma ko da 'yar kaɗan ce.

Tazarar da ke tsakanin rinin da ƙarfen ce ginshiƙin aikin. Idan rinin na manne da zinariya, ƙasa da nanomita 5, ƙarfen kan kwashe masa ƙarfi, hasken ya dushe. In aka ba shi tazarar kamar nanomita 10 zuwa 20, galibi da ɓawon silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, hasken kan ƙaru. A kan wannan ake gina gwaji: a lulluɓe ƙwayoyin da rinin rodamin B, su yi duhu, zaiba na shiga ruwan sai ta kori rinin daga jikin zinariyar, hasken ya dawo gwargwadon yawanta.

Wajen haɗa ƙwayoyin zinariya, hanyar masanin sinadarai Turkevich ta 1951 ce aka fi bi: a tafasa HAuCl4, wato asid mai ɗauke da zinariya, a zuba sitiret, gishirin asid ɗin lemun tsami, ruwan ya koma ja mai shan haske mai tsawon zango wajen nanomita 520. Ƙwayoyin da ba su kai nanomita 2 ba kuwa su ke ƙyalli da kansu. Don yin su, ana haɗa mililita 5 na HAuCl4 mai ƙarfin milimola 10 da mililita 5 na furotin BSA na jinin shanu, miligiram 50 a kowace mililita, a ƙara rabin mililita na NaOH, wato kostik soda, mai ƙarfin mola 1, a bari awa 12 a zafin digiri 37 na ma'aunin Celsius. Ƙyallinsu ja ne, zaiba kuma na kashe shi.

Matsalar tana cikin ruwan da za a gwada. Ruwan rijiya ko burtsatse a Katsina da Daura ba kamar na ɗakin gwaji ba ne. Gishirin cikinsa na iya sa ƙwayoyin su dunƙule, ja ya koma shuɗi, a samu sakamakon ƙarya. Jan ƙarfe ma na kashe ƙyallin ƙwayoyin da aka yi da BSA, a ɗauka zaiba ce. Shi ya sa ake tace ruwan da matata mai ramin mikromita 0.45, a daidaita pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, a kuma ƙara sanannen adadin gubar don a kwatanta. Ana wanke kwalabe da ruwan asid mai kashi 3 na HCl da 1 na HNO3, a rufe su saboda ƙurar hunturu, a ajiye ƙwayoyin a firij a digiri 4. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, gara a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan.

Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta nuna buƙatar gwaji mai araha a karkara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade mikrogiram 10 na dalma a litar ruwan sha, kuma duk sakamakon da ya matso kusa da haka dole a tabbatar da shi da babbar na'urar ɗakin gwaji.