Neman gurbin karatun MBA (digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci) a manyan makarantun waje: tambayoyi da amsoshi

Idan sakamakon digirina na farko bai yi armashi ba, shi ke nan na rasa?

A'a. Ana duba shi, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Inda za ka cike giɓin shi ne jarrabawar shiga, GMAT ko GRE, kuma yawancin makarantu suna karɓar kowace daga ciki. Sabon tsarin GMAT da aka fara a ƙarshen 2023 awa biyu da kwata ne, makinsa daga 205 zuwa 805, da ɓangaren lissafi, da na fahimtar rubutu, da na nazarin bayanai. Sakamakon yana aiki har shekara 5, don haka ka rubuta tun kanka na ɗauke da karatu.

Sai na yi aiki tukuna?

Kusan dole ne. A makarantu irin su Harvard da Wharton a Amurka, ɗaliban da ake ɗauka sun yi kimanin shekara 5 suna aiki. Amma ba sunan kamfani ake nema ba, abin da ka canza a wurin ake son ji. Wanda ya karɓi shagon mahaifinsa a Kantin Kwari, ya tsara lissafin kuɗi, ya buɗe reshe na biyu, yana da labarin da ya fi na ma'aikacin bankin da ya shekara biyar a kujera ɗaya. Matsalar ita ce mutanenmu suna jin kunyar faɗin abin da suka yi, kada a ce suna yabon kai. A takardar neman gurbi kuwa, kawaici asara ne. Faɗi abin da ka yi, ka haɗa da alƙaluma.

Wa ya kamata ya rubuta mini wasiƙar shaida?

Nan ake yawan kuskure. Sai mutum ya nufi sanata ko wani basarake da bai taɓa ganin aikinsa ba. Masu tantancewa sun fi son ogan da kake aiki a ƙarƙashinsa kai tsaye, wanda zai iya cewa ga ranar da abu ya rikice, ga yadda ka warware shi. Ka sanar da shi da wuri, ka tuna masa ayyukan da kuka yi tare.

Yaushe zan tura?

Ana karɓa zagaye-zagaye, galibi na farko a Satumba, na biyu a Janairu. Wanda ke neman tallafin kuɗi da biza kada ya wuce waɗannan biyun. Ka kuma nemi cikakken sakamakonka daga jami'a tun watanni kafin lokacin, domin fitarsa kan ɗauki lokaci.